Sarkin Aiki Dogo da Taubasansa Uku

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen ƙashi."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

To, Ɗantala, janye ƙafarka daga kan tabarmata. Barmani, bar sosa kan nan haka. Wanda ya yi gyangyaɗi ba zan koma masa baya ba.

A can zamanin da, namun daji gari guda suke zaune, Zaki ne sarkinsu. A tsakiyar garin akwai wani ƙaton rumbu na ƙasa. Duk kaka kowa zai kawo damin gero da na dawa a jera a ciki, ba mai taɓawa sai damina ta yi nisa, abinci ya ƙare a gidaje. In rumbun nan ya lalace, to, yunwa ce za ta zauna a garin har sabon hatsi ya nuna.

Sarkin aikin rumbu a lokacin Ɓauna ne. Kai, Ɓauna! Fuska kullum a murtuke. Ba ya gaisuwa, in an gaishe shi ba ya amsawa. A yi wa ma'aikacinsa rasuwa, ba ta'aziyya. A yi haihuwa, ba barka. Ma'aikata sun ga gara ta cinye igiyoyin da suka riƙe jinka, wato hular ciyawar nan da ake kifa wa rumbu, amma wa zai tunkari Ɓauna da magana? Rannan da bazara guguwa ta taso, ta sure jinka ta yi gaba da ita, ta bar rumbu baki buɗe.

Zaki ya tuɓe Ɓauna, ya aika aka kira Raƙumin Dawa, wanda kowa ke ce wa Dogo. Ya ɗora masa jar hula, ya ce, "Dogo, ba don ƙarfi na zaɓe ka ba. Kai ne kanka ya kai bakin rumbu, kai ne kake hango hadari tun yana bayan duwatsu. Ga Kura da mutanenta, su ne 'yan ɗaukar ciyawa. Ga Biri da mutanensa, su ne 'yan ɗauri. Ga Gizo, shi ke tufka igiya. Ina son sabuwar jinka a kan rumbu kafin ruwan farko ya sauka."

Dogo ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

An gama a baki. Tun daga ranar Dogo bai ƙara sanin zama ba. Ya je wajen masu ciyawa, ya dawo wajen masu ɗauri, ya miƙa wuya ya dubi gabas, ya sunkuyo ya leƙa cikin rumbu, ya koma ya dubi gabas. Aiki kuwa yana tafiya, don in Dogo ya ce a yi, yi ake.

Amma akwai abin da ke cin ransa. Da rana ta take, ma'aikata sukan taru a gindin tsamiya, Ƙoƙi matar Gizo ta kawo musu fura a babbar ƙwarya. Daga can sama Dogo yana jiyo shewa da ƙyaƙyata dariya. Da ya matso, sai wurin ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai yana juya ludayi. Ya wuce, dariya ta dawo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ce a ransa, "Ashe ni ma Ɓauna na zama? Wallahi ba zan zama Ɓauna ba."

Washegari da aka ajiye ƙwarya sai ya zo ya tsaya, ya yi sallama, ya tambayi kowa iyalinsa. Aka amsa a ɗarare. Gizo ne ya yi ƙarfin hali, da tsamin bakin nan nasa, ya ce, "Yanka shi daɗe, bismillah."

Dogo ya ware ƙafafu, ya lanƙwaso wuya har ƙasa, ya kurɓi fura. Nan fa jikin kowa ya saki. Har Biri ya matso ya ce, "Sarkin aiki, tun da ka zauna da mu, bari in faɗa maka. Ciyawar fadama da ake kawowa ba ta bushe ba. In aka yi baibaya da ita ruɓewa za ta yi." Dogo ya yi masa godiya, ya sa aka koma yankan ta tudu.

Kun ga da a nan Dogo ya tsaya, da tatsuniyar ta ƙare, da kun tafi kun kwanta. Amma ina! Daɗin zama cikin mutane ya ratsa shi. Kullum shi ne farkon zuwa gindin tsamiya, shi ne ƙarshen tashi. Da yamma ya bi su dandali, ya bi su wajen dara, ya bi su har zaurukan gidajensu.

Gizo kuwa yana lura. Tufkar igiya ta ishe shi, cinyarsa duk ta saɓule. Ya koma gida ya ce da Ƙoƙi, "Na shamo maganin aikin nan. Gobe ki ƙara nono a fuya."

Da aka zauna shan fura, sai Gizo ya ƙura wa ƙafafun Dogo ido, ya dubi nasa, ya sake duban na Dogo, ya rushe da kuka.

Dogo ya ce, "Subhanallahi! Gizo, lafiya?"

"Ƙafafun gwaggona! Dubi naka, dubi nawa, shiyaya, dogaye. Ai uwayka ƙanway ubana ce, tun muna yaya aka kai ta auye nesa. Kai ɗan mace, ni ɗan namiji. Dogo, ashe kai taubashina ne!"

Kun dai san taubashi. In wa da ƙanwa suka haihu, 'ya'yansu abokan wasa ne. Ka zage shi, ka ƙwace masa hula, ka yi masa ba'a a tsakiyar kasuwa, ba shi da damar fushi. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Kamar ni da Ɗantala ne, wasan kaka da jika. Ya ce mini tsohuwa mai baki ba haƙori, in ce masa mijin banza ko cefane bai iya ba. Shi ya sa in na aike shi sai ya tsaya yana mini gwalo, sai ubansa ya yi gyaran murya tukuna yake tashi.

"Kai, Kaka!"

Ƙarya na yi? Yi shiru in ci gaba.

Dogo ya san sarai bai taɓa jin uwarsa ta ambaci Gizo ba. Amma da ya ga kowa yana tafi yana murna, sai ya kasa cewa a'a. Ya yi dariya ya ce, "To, na karɓa."

Kura ta ga Gizo ya samu shiga. Kashegari ta zo tana ɗingishi, ta juya masa gadon baya. "Dogo, dubi dabbare-dabbaren jikina, dubi naka. Wannan zanen gidanmu ne. Ubanka wan uwata ne. Ni ma taubashiyarka ce."

Dogo ya ce, "To, na karɓa."

Biri ma da ya ga an bar shi a baya, ya sauko daga reshe yana sosa ƙeya. "Ni dai ban san ta inda muka haɗu ba. Amma a kan bishiya nake ci, kai ma a kan bishiya kake ci. Ba za a rasa ba."

Dogo ya ce, "Kai ma na karɓa." Ranar ya koma gida zuciyarsa fari fat, yana cewa ba a taɓa sarkin aikin da ake so kamarsa ba.

Ana nan sai shamuwa ta iso gari ta fara sheƙa a kan kuka. Dogo ya gan ta, ya san lokaci ya ƙure, don in shamuwa ta zo ruwa yana hanya. Ya garzaya wajen Kura, ya tarar da ita kwance a inuwa, mutanenta suna mata fifita.

"Kura, ciyawar da aka yanka tana can tudu a zube. A kwaso ta yau."

Kura ta buɗe ido ɗaya. "Ji shi, wuya kamar taɓarya. Ai daga nan in ka miƙa shi sai ka ɗauko mana."

"Kura, ba wasa nake ba."

Kura ta tashi zaune ta fara tafi, mutanenta suka karɓa:

Dogo, Dogo, taubashi,
Kai a sama, baki a ƙwaryarmu.
In ka yi fushi ka ji kunya,
In ka yi dariya zo mu sha.

Dogo ya dube su. Ya yi fushi? A ce sarkin aiki bai san wasa ba? Ya haɗiye, ya yi yaƙe, ya tafi tudu ya dinga jido ciyawa da kansa har rana ta faɗi.

Ba a jima ba zafi ya tsananta, aka fara ganin walƙiya can ƙasan gabas. Na ƙasa ba su gani, Dogo kaɗai ke gani. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina shiga. Ya je wajen Biri ya sunkuyo.

"Biri, sandunan jinka har yanzu ba a gama ɗaure su ba. Ka tara mutanenka."

Biri ya ce, "Matso in ji, kunnena ya toshe." Da Dogo ya matso, sai ya yi wuf ya fige jar hula, ya haye ƙololuwar rimi, ya kafa ta a kansa ya karkace. "Yau ni ne sarkin aiki! Na ba kowa hutu!"

"Biri, ba ni hulata. Ba wasa nake ba."

Sai tafi, sai waƙa. Dogo, Dogo, taubashi. Ya tsaya a gindin rimi kai ba hula, yana lallashi, har sai da Biri ya gaji don kansa ya jefo masa. Ranar ba a ɗaura ko sanda ɗaya ba.

Sai kuma iska ta juya, ta fara kawo ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya daga wani wuri da aka riga aka yi ruwa. Dogo ya ruga gidan Gizo, yana tuntuɓe da ƙafafunsa.

"Gizo, ina igiya?"

Gizo ya fito yana sakace. Ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya, ya miƙa ɗan wuyansa, ya shaƙe murya ya ce, "Gizo, ina igiya? Ba wasa nake ba!" Abin mamaki, in Gizo zai kwaikwayi wani, tsamin bakin nan ɓacewa yake. Muryar Dogo sak. Ma'aikata suka faɗi ƙasa suna riƙe ciki. Tun daga nan ya zame musu abin yi. Dogo ya ce a zo, Gizo ya ɓuya a bayan wani ya ce a tafi, da murya iri ɗaya, a yi ta dariya.

Dogo ya rasa inda zai sa kansa. Ya nufi fada zai kai ƙara, ya tsaya a hanya. Me zai ce wa Zaki? Taubasaina sun ƙi jin maganata? Ya juyo. Ya nufi gindin tsamiya zai ce daga yau ba wasa, ya hango su suna ɗaga masa ludayi suna murmushi, ya fasa. Ya je gabas ya dawo yamma. Ya rame, idanu suka faɗa. Da roƙo da lallashi, da yi da kansa, aka samu dai aka haɗa jinka a ƙasa, aka baibaye ta da ciyawa. Saura ɗagawa.

To, ɗaga jinka ba aikin mutum ɗaya ba ne. Jama'a ke kewaye ta, kowa ya kama gefensa, mutum ɗaya tak ke magana. In ya ce a ɗaga, a ɗaga tare. In ya ce a matsa, a matsa tare. In wani gefe ya riga wani, ta karkace, shi ke nan.

Dogo ya ce gobe da sassafe za a ɗaga. Da safe suka ce sai rana ta yi sanyi. Da azahar suka ce sai an sha fura. Ana cikin shan fura, da la'asar sakaliya, Dogo ya ɗaga kai ya ga gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya taso gadan-gadan. Ya daka tsawa, irin wadda bai taɓa yi ba.

"Ku tashi! Hadari!"

Kura ta fara tafi za ta ɗauko waƙa, sai iska ta kwashi ƙura ta watsa a cikin ƙwarya. Nan suka gane, suka zabura. Aka kewaye jinka, Kura da mutanenta a dama, Biri da mutanensa a hagu, Dogo ya tsaya a jikin rumbu kansa a sama yana duban inda za ta zauna.

"Ku kama!"

Suka kama.

"Ku ɗaga!"

Suka ɗaga. Jinka ta tashi tana rawa, iska na kaɗa ciyawarta.

"Ku matso! Ku ƙara sama! Saura kaɗan!"

Saura kaɗan ɗin nan, jikoki, bai fi kamu ɗaya ba. Sai Gizo, da ya maƙale a bayan Kura ba ya ɗauke da komai, ya ga kowa ya yi tsit yana nishi, ya ce a ransa ga wurin ba da dariya. Ya shaƙe murya ya ce, "Ku sauke!"

Mutanen Kura suka sauke. Mutanen Biri suna ta turawa sama.

Dogo ya yi ihu, "Ba ni ba ne! Ku ɗaga!"

Gizo ya ce, "Ba ni ba ne! Ku sauke!"

Wani ya fashe da dariya, wani ya saki hannu, wani ya tsaya yana waige. Jinka ta karkace, iska ta shiga ƙarƙashinta, ta fizge ta daga hannunsu, ta maka ta da gindin kuka. Sanduna suka kakkarye, ciyawa ta watse. Kafin wani ya ce wani abu ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, tsawa ta faɗi, kowa ya yi ta kansa.

Dogo kaɗai ya rage. Ya rungume rumbu, ya shimfiɗa wuyansa a kan bakin, amma ina wuya ina bakin rumbu? Ruwa yana kwarara ta dama da hagu. Ya dinga kira, "Kura, kawo zana! Biri, kawo tabarma! Jama'a, ku kawo ko buhu ne!" Ya kira, ya kira, ya kira. Tsawa ta danne muryarsa. Yana ji ƙasar rumbu tana yin laushi a ƙirjinsa. Bai fasa kira ba har muryar ta dushe, ta koma hura iska kawai. Can sai gefen rumbu ya zame, ya rufta, dammunan gero da dawa suka zube cikin taɓo. Ruwan nan kuwa bai ɗauke da wuri ba, ya yi ta yi yana ƙarawa, har hatsin ya kumbura ya fara wari.

Ranar da ruwan ya ɗauke, gari ya yi haske, Zaki ya tara kowa a gaban rusasshen rumbu. Mata suna tsintar zangarniya a cikin laka suna kuka. Zaki ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe, an ce mu sauke, muka sauke."

Aka nemi Gizo. Gizo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Yanka shi daɗe, washa ne. Taubashina ne, shi da bakinshi ya kayɓa. Ai ba a fushi da taubashi." Da ya ga Zaki ya ɗaga hannu, sai ya arce, ya haye bango, ya shige lungun rufin ɗaki. Har yau yana can.

Biri ne ya fito yana hawaye, ya tsaya a gaban Dogo. Ya ce, "Dogo, wallahi ba ƙinka muke ba. Ni ban taɓa son wani shugaba kamarka ba. Amma da bakin da kake mana wasa, da shi kake ba mu umarni. Mun saba in ka ce ba wasa kake ba, nan ne wasan ya fi daɗi. Da ka taɓa tsawata mana sau ɗaya ka tsaya a kai, da mun ji haushinka kwana biyu, da yanzu rumbu yana tsaye."

Zaki ya juya ya ce, "Dogo, me ka ce?"

Dogo ya buɗe baki. Yana da magana cike da ciki. Yana so ya ce tsoron zama Ɓauna ne ya kai shi, yana so ya ba mata haƙuri. Ko ƙis bai fito ba. Ya sake buɗewa, shiru. Sai hawaye ke gangarowa ta dogon wuyan nan.

A daminar nan yunwa ta shiga garin. Da abinci ya ƙare a gidaje ba inda za a dosa. Kowa ya kwashi 'ya'yansa ya shiga daji neman abin da zai ci, maƙwabci ya fara kallon maƙwabci da idon nama. Garin bai ƙara haɗuwa ba. Dogo ya yi nisa can cikin dawa, kuma muryarsa ba ta dawo ba. Ku tambayi maharba, za su gaya muku sun ji kukan kura, sun ji na biri, amma da wuya ka sami wanda ya ji na raƙumin dawa.

"Kaka, to laifin Gizo ne ai."

Gizo Gizo ne, Barmani, kowane wurin aiki da nasa. Wanda aka ɗora wa hula shi ake tambaya.

Ku ji abin da ke ciki. In Allah ya sa wata rana aka ba ɗayanku jan ragamar mutane, kada ya yi nisa da su har su ji tsoron faɗa masa gaskiya. Ya gaishe su, ya je musu barka da jaje, in sun yi masa tayi ya sa hannu a ƙwaryarsu. Amma ya san lokacin tashi. Kada kwaɗayin a so shi ya sa ya mai da kansa abokin wasansu, don akwai ranar da rayuwar jama'a za ta rataya a kan kalma ɗaya daga bakinsa, kuma ranar yana bukatar a ji ta ba tare da an yi dariya ba.

Ƙungurus kan kusu. In da ƙarya a ciki, Gizo ne ya saƙa ta, ni dai ɗauko ta na yi. Ku tashi ku kakkaɓe mini tabarma.